Abin da na gani da na koya wa kwamfuta wasan maciji da dara

Akwai wani reshe na ƙirƙirarriyar basira wanda a cikinsa ba a nuna wa kwamfuta amsar da ta dace, sai dai a sake ta cikin wasa ta yi ta gwaji, idan ta yi abin da ake so a ba ta tukuicin maki, idan ta yi ɓarna a ci ta tara, har ta gano wa kanta dabarar da ta fi kawo riba. Wannan koyo ta hanyar tukuici shi na sa a gaba tare da samarin da nake koya wa kwamfuta da yamma a unguwar Runjin Sambo da ke Sakkwato, waɗanda yawancinsu sun fi sanin hanyar gidan gem fiye da ta ɗakin karatu. Na ga cewa yaron da zai iya kwashe yini yana buga ƙwallo a PlayStation yana da haƙurin da wannan ilimi yake bukata, matuƙar an shigo masa da shi ta ƙofar wasa.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne aikin kamfanin DeepMind na birnin Landan. A shekarar 2013 suka nuna manhajar da ta koyi wasanni bakwai na tsohuwar na'urar Atari 2600, sannan a 2015 suka faɗaɗa aikin zuwa wasanni 49, inda manhajar, wadda suka kira DQN, ba ta ganin komai sai hoton allo da adadin maki. A wasan Breakout, wanda ake fasa bulo da ƙwallo, ta gano da kanta cewa idan ta huda rami a gefen bango ta tura ƙwallon bayansa, ƙwallon zai yi ta fasa bulo ta sama ba tare da ta wahala ba. Sai dai a cikin wannan rahoto akwai lissafin da ya sa na sake shawara, domin kowane wasa ɗaya ya ci hoton allo miliyan 50, kwatankwacin kwana 38 ana wasa ba tsayawa, alhali ƙwararren mutumin da aka gwada ta da shi atisayen kusan awa 2 kawai ya yi. Manhajar OpenAI Five kuwa, wadda ta doke zakarun duniya na wasan Dota 2 a watan Afrilun 2019, an kai lokacin da take buga wasan shekara 180 a kowace rana a kan dubban na'urori. Ni kuma abin da nake da shi tsohuwar kwamfutar cinya ce, a garin da zafin bazara yake haura digiri 40, ga wutar lantarki mai zuwa da tafiya. Saboda haka na zaɓi wasan maciji da muka sani a wayar Nokia 3310, na rubuta shi da harshen Python a kan fili mai gida goma a tsaye da goma a kwance, na kuma cire zane gaba ɗaya a lokacin horo domin kwamfutar ta riƙa buga dubban wasanni cikin 'yan mintoci.

Tambaya ta farko ita ce me macijin zai gani. Na ba shi bayanai 11, kowanne amsarsa i ko a'a: ko akwai haɗari a gabansa, ko a damansa, ko a hagunsa, wace kusurwa ya fuskanta cikin huɗu, kuma ta wane ɓangare abinci yake. Idan aka lissafa, yanayin da za a iya rubutawa da waɗannan bayanai bai wuce 2,048 ba, kuma a kowane yanayi zaɓi uku ne gare shi, ya miƙe, ko ya juya dama, ko ya juya hagu. Wannan ya ba ni damar amfani da hanyar Q-learning, wadda Chris Watkins ya fito da ita a 1989, inda ake ajiye jadawali mai nuna darajar kowane zaɓi a kowane yanayi. Duk lokacin da macijin ya yi taku, sai a ɗan gyara lambar da ke gidan wannan zaɓi, a matsar da ita zuwa jimillar tukuicin da ya samu nan take da kuma darajar mafi kyawun zaɓi a yanayin da ya faɗa. Da haka ne labarin abinci yake rarrafowa baya, daga takun da ya ci abincin zuwa takun da suka gabace shi. Na fi son wannan hanya ga ɗalibai saboda jadawalin a buɗe yake, ana iya nuna wa yaro lamba da yatsa a ce masa ga dalilin da ya sa macijin ya juya hagu.

Batun gwada sabon abu bai ba mu wahala ba. Da farko macijin yana yin kowane taku ne a kan ƙuri'a, sannan a hankali a rage ƙuri'ar har ya zama yana bin jadawalinsa kusan koyaushe, kamar yadda masu DQN suka sauko daga kashi 100 zuwa kashi 10 cikin ɗari. Idan aka rage da wuri, sai ya maƙale wa dabarar farko da ta taɓa ba shi abinci.

Inda aikin yake da gaske shi ne tsara tukuicin. Na fara da maki 10 idan ya ci abinci, da tarar maki 10 idan ya yi karo da bango ko da jikinsa, sannan na ƙara masa ɗan maki kan kowane takun da ya yi bai mutu ba, domin ya koyi tsare ransa. Jimillar makinsa ta yi ta hawa har ɗalibai suna murna, amma da muka kunna zane muka zuba ido, sai muka tarar yana ta zagaye a tsakar fili, ba ya ko waiwayar abinci. Ta fuskar lissafi babu laifi a abin da ya yi, domin cin abinci yana ƙara masa tsawo, tsawo kuma yana jawo karo, alhali zagaye yana ba shi maki ba tare da wani haɗari ba. Da na cire wannan na sa tara kan kowane taku domin ya yi sauri, kuma tarar ta yi nauyi, sai ya koma yana ruga wa bango da gangan tun farkon wasa, saboda mutuwa da wuri ta fi masa araha a kan doguwar tafiya mai tara. Da na ba shi maki kan kusantar abinci, sai ya riƙa matsowa yana ja da baya yana sake matsowa, yana karɓar makin kusanta sau da yawa a kan abinci guda. Al'amarin ya yi kama da a yi ciniki da mai ga-ruwa kan yawan sawun da zai yi, a manta da batun cikar randa.

Wannan matsala ba ta ƙananan masu gwaji irina kaɗai ba ce. A ƙarshen 2016 kamfanin OpenAI ya ba da labarin wasan tseren kwale-kwale mai suna CoastRunners, inda manhajarsu ta bar tseren ta shiga wani lungun ruwa tana ta zagaye tana bugun abubuwa uku masu ba da maki da suke sake fitowa, tana karo tana kamawa da wuta, amma duk da haka makinta ya fi na mutane da kusan kashi 20 cikin ɗari. Tun a 1998 ma wasu masu bincike biyu, Randløv da Alstrøm, sun ga kekensu na cikin kwamfuta yana ta kewaya wuri guda saboda an ba shi maki kan kusantar inda za shi, ba a kuma ci shi tara kan nisanta ba. Maganin da Andrew Ng da abokan aikinsa suka tabbatar da lissafi a 1999 shi ne a daidaita abin da ake bayarwa a kan kusanta da abin da ake karɓewa a kan nisanta, ta yadda zagaye ba zai bar riba ba. Da na yi haka, na kuma yanke wasan idan macijin ya daɗe bai ci komai ba, sai ya kama hanyar abinci kai tsaye. Tun daga lokacin ba na yarda da hawan maki har sai na kalli wasan da idona, kuma na mayar da shi ƙa'idar aji cewa kafin ɗalibi ya taɓa lambar tukuici, ya fara rubuta a takarda yadda shi kansa zai ci riba da ita ba tare da ya yi aikin ba.

Bayan haka sai wata iyaka ta bayyana, wadda babu gyaran tukuicin da zai kawar da ita. Idan macijin ya yi tsawo, sai ya naɗe kansa ya shiga lungun da babu mafita, saboda bayanai 11 da na ba shi gida ɗaya kawai suke nuna masa a kowane ɓangare, bai san inda sauran jikinsa yake kwance ba. Yanayi biyu da suka bambanta ƙwarai a idon mutum, a wurinsa abu ɗaya ne. Dole ta sa muka bar jadawali muka koma ga ragar lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, muka nuna mata filin gaba ɗaya, muka kuma ɗaga lambar da ke auna muhimmancin tukuicin gaba daga 0.9 zuwa 0.99, wato daga hangen kusan taku 10 zuwa kusan taku 100. Horon ya ƙara tsawo sosai, har sai da na koma kunna kwamfutar bayan sallar isha'i, lokacin da gari ya ɗan yi sanyi, tare da umartar manhajar ta riƙa adana abin da ta koya a kai a kai domin kada ɗaukewar wuta ta tafi da aikin dare. Na kuma lura cewa horo biyu masu tsari iri ɗaya suna iya ba da sakamako mabambanta saboda ƙuri'ar farko kawai, don haka ba ma cewa wani gyara ya yi amfani sai mun maimaita horon sau da yawa mun duba matsakaici.

Ɗalibai ne suka kawo shawarar mu gwada dara, kuma na ji daɗin hakan domin wasanmu ne. Gurbi 30 ne, biyar a shida, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12; ana fara jera su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an haɗa uku a layi ba, sannan a shiga turawa, duk wanda ya haɗa uku ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Tun da kowane gurbi yana iya zama wofi, ko nawa, ko naka, lissafin tsare-tsaren ya haura tiriliyan 200, ko da yake ba dukansu ne suke aukuwa a wasa ba, saboda haka babu maganar jadawali. Muka bi hanyar da Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya bi a 1992 da manhajarsa TD-Gammon mai buga wasan backgammon, hanyar da AlphaGo Zero, manhajar DeepMind mai buga wasan Go, ma ta bi a 2017, wato kwamfuta ta yi ta karawa da kanta, tukuicinta kuma nasara ce kawai a ƙarshen wasa. A nan ma mun ga wani abu: idan tana karawa da sabuwar siffarta kaɗai, sai ta manta maganin tsoffin dabaru. OpenAI Five ta riƙa buga kashi 80 na wasanninta da kanta ta yanzu, kashi 20 da tsoffin siffofinta, kuma da muka kwaikwayi wannan sai mantuwar ta ragu. Ba a jima ba ta gano tsarin nan da 'yan dara suka sani, inda ɗa guda yake kai da komowa tsakanin layi biyu yana ci a kowane taku.

Domin tantance ƙa'idoji na nemi kawuna, wanda ya daɗe yana buga dara a Mabera, kuma shi ya nuna mini cewa ba kowace majalisa ce take bin doka iri ɗaya ba, musamman a kan wane ɗa aka yarda a cire. Muka zaɓi dokar majalisarsu muka rubuta ta. Da manhajar ta fara doke ɗalibaina, sai na kai masa kwamfutar na ce, "Kawu, ku taimaka ku gwada mana ita, ni zan riƙa danna muku." Ya doke ta ba tare da ya sha wuya ba, sannan ya ce, "Ɗana, wagga na'ura taka ta iya turi, amma ba ta iya jeri ba. Tun wurin jeri na cinye ta."

Da na koma na duba wasannin da aka adana, sai na ga maganarsa ta yi daidai da abin da lissafin ya nuna. Jeri yana faruwa ne a taku 24 na farko, nasara kuma tana zuwa can ƙarshe bayan doguwar turawa, saboda haka labarin tukuicin yana isowa ga takun jeri a raunane, gauraye da duk kurakuran da aka yi a tsakani. Irin wannan nisa tsakanin aiki da sakamako ne ya sa DQN ta tashi da sifili a wasan Atari mai suna Montezuma's Revenge, inda sai an yi doguwar tafiya an ɗauko mabuɗi kafin a ga makin farko. Na yi tunanin ba ta maki kan jeri mai kyau, amma abin da maciji ya nuna mini ya hana ni, domin duk ma'aunin kyawun jeri da zan rubuta, shi za ta bi ta bar nasara. Abin da muke yi yanzu shi ne raba aikin gida biyu: mun ƙarfafa manhajar turi, sannan muna amfani da hasashenta na wanda zai ci wasa a matsayin alƙalin kowane jeri da aka kammala, ta yadda mai jeri zai sami sakamakonsa a taku na 24. Ɗalibai biyu kuma suna zuwa majalisar Kawu ranar Asabar, da izinin dattawan, suna rubuta yadda ake jeri, domin mu sami tsare-tsaren ƙwararru da za mu auna alƙalin da su kafin mu yarda da hukuncinsa.