Darasin da ya raba ni da lisen nan

Duk wanda muka koyar tare ya san ba albashi ne ya kore ni ba, ko da yake shi ma sai an yi ta bin sawu kafin ya fito. Darasi guda ne ya haɗa ni da shugaban malaman kimiyya.

Darasin kaldera ne, babban ramin nan da ke samuwa idan dutse mai aman wuta ya amayar da narkakken dutsen da ke ƙarƙashinsa, rufin ya rasa madogara ya rufta. Littafin aji yana zana shi zagaye cif. Ni kuwa na gaya wa yara cewa a tsibirai da yawa ƙasar da ma tana da tsofaffin tsagogi, waɗanda motsin faifan ƙasa, wato manyan gutsattsarin ɓawon duniya, ya yi tun kafin aman. In rufi ya tashi sauka, ta wurinsu yake bi, kamar tukunyar ƙasa da ke fashewa ta inda ta taɓa tsagewa. Shi ya sa wani gefen ramin kan fito a miƙe, ko ramin ya yi tsawo, ko ƙasansa ya sauka gunduwa-gunduwa. Kuma bayan ruftawar, ta waɗannan tsagogi sabon narkakken dutse ke hawowa.

Santorini ta Girka na ba su misali. Faifan Afirka na nutsewa ƙarƙashin yankin, ɓawon ƙasar sama kuma yana buɗewa, sai tsagogi suka jeru daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Babban aman da aka yi wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa ya ruftar da tsakiyar tsibirin, teku ya cike wurin. Bakunan aman Niya Kameni, ƙaramin tsibirin da ke tsakiyar ramin, da ta yi amanta na ƙarshe a 1950, a kan layi ɗaya suke. Kolumbo, dutse mai aman wuta da ke ƙarƙashin teku, kimanin kilomita 7 arewa maso gabas, ya fashe a 1650. Girgizar ƙasar farkon 2025, da ta sa dubban mutane barin tsibirin, tsakanin Santorini da tsibirin Amorgos ta taru, ta wannan fuskar dai.

Ɗan Maradi bai taɓa ganin teku ba balle tsibiri, don haka na sa aka ɗebo yashin gulbi mai ɗan danshi a kwano biyu. Na binne balan-balan a kowanne, na ɗaura masa tiyon ƙarin ruwa, na barbaɗa garin rogo a sama don tsaga ta fito fili. Kwano na biyu na yanka shi da wuƙa tun kafin mu saki iska. Na farko ya rufta zagaye. Na biyu, gefe guda ya bi sawun wuƙar sak. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Mushe, ke nan in an san inda tsagar take, an san inda za a guje wa?"

Ana cikin haka shugaban malaman ya shigo, ko sallama babu. "Kai yaro, wasan ƙasa muke biyanka ka yi? A jarrabawar bak zagaye za a tambaye su." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai zagayen ma tsaga ce." Mako bai zagayo ba aka karɓe ajin daga hannuna, aka tura ni siziyam, ajin farko na sakandare. Da sufeto ya zo duba lakwal, sai ga kwanonina biyu a ajinsa, har da tiyon da na saya da kuɗina. Aka yaba masa da ƙirƙira. A ɗakin malamai kowa ya san gaskiya, amma duk suka sunkuyar da kai kan takardunsu. Ban riƙe su ba, kowa na da iyali. Shi dai na bar shi da Allah.

Abin da ya fi ci mini rai, ban kai yaran Abzin ba. Can a ƙasarmu akwai zoben dutse na Meugueur-Meugueur, faɗinsa wajen kilomita 65, wanda masana ke ɗauka saiwar wata tsohuwar ruftawa ce da zaizaya ta tone. Da sun gane abin ba na Turai kaɗai ba ne.

Sauran darussan da na koya ba su da tsawo. Duk abin da ka ƙirƙira a aji, ɗauke shi hoto a waya ranar. Kada ka ba da aron kayan gwaji da baki kawai. Bidiyon ruftawar dutsen Kilaweya na Hawayi a 2018, inda ƙasan ramin ya sauka wajen mita 500 cikin watanni kaɗan, ya fi awa guda na surutu.

Wanda zai gaje ni ya sani, yaran ba su yi darasin dutsen Fogo na tsibiran Kef Bad ba. A 2014 narkakken dutse ya binne ƙauyukan Portela da Bangayira, waɗanda ke zaune a cikin ramin kansa.