Abin da kainuwa ta koya min a wurin aiki

Shekara biyu da ƴan watanni na yi ina kula da ɓangaren jiragen ruwa a wani wurin shaƙatawa. Ɗan tafki ne da aka tare ruwa, muna da kwale-kwale masu feda da yara ke so da kuma jirgi ɗaya mai inji da muke zagayawa da iyalai, ranar Sallah kam ba masaka tsinke.

Ranar da na fara ganin kainuwar a wani lungu take, ba ta fi faɗin tabarma biyu ba. Ba irin kainuwarmu da muka sani a kududdufi ba ce, wadda ganyenta ke kama da latas, wannan karanta a kumbure yake, in ka matsa shi sai ka ji kamar soso, ga fure mai ruwan shunayya gwanin kyau. Mutane har hoto suke tsayawa ɗauka a gabanta, ni da bakina na ce wa leburori su bar ta tana ƙawata wuri. Ashe baƙuwa ce, asalinta daga yankin Amazon a Kudancin Amurka, ta shigo ruwan Legas ta wajen Jamhuriyar Benin a 1984, kuma in ta samu ruwa mai abinci da zafin rana cikin kamar sati biyu sai ta ninka kanta. Ana ce wa kainuwa dashen Allah, to wallahi wannan ko dasawa ba ta jira.

Kafin damina ta raba tsakiya ta cinye mana kusan rabin tafkin, farfelar jirgi kullum a naɗe, yara su shiga da kwale-kwale su maƙale a tsakiya suna kuka iyaye suna ta yi mana masifa daga bakin gaɓa.

Sai muka yi gayya, muka kwashe da hannu da manjagara kwana da kwanaki muka tsibe ta nan bakin ruwa, kowa ya tafi yana murna. Nauyinta duk ruwa ne, ka loda tifa guda in ta bushe abin da zai rage ba zai kai ka kawo ba, shi ya sa muka yi ƙyuyar kai ta nesa. Ruwan sama ɗaya ya mayar da ita ciki. Ga waɗanda farfela ta daddatsa su ma da yawa suka tofo, ƴaƴanta kuma in suka nutse cikin laka sai su yi shekaru suna jiran ranarsu.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai, ni na matsa wa oga a kira mai feshi a gama da ita gaba ɗaya kafin Sallah. An yi feshin, ta yi ja ta kwanta, na dinga ƙafafa. Bayan kamar sati na zo da sassafe na tarar da karfasa da tarwaɗa sun taso saman ruwa ciki a sama, waɗanda ba su mutu ba suna ta buɗe baki a sama suna neman iska, ga wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ciyawar da ta mutu lokaci ɗaya ce ta nutse tana ruɓewa, ruɓewar nan kuma ita ke zuƙe iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Da ɓangare ɓangare aka yi, a bar tazara tsakani, da abin bai kai haka ba. Sallar nan a rufe muka yi ta.

Akwai wani dattijo masunci da ke taya mu gyaran kwale-kwale, mutumin wajen Nguru ne, Baba muke ce masa. Bai ce min komai ba sai da na gama kwashe matattun kifi, sannan ya ce ɗana zo mu je ka gani. Ya kai ni lungun nan da ta fara fitowa ya nuna min kwata, ruwan wanke-wanke na kicin ɗinmu da na wajen wankin mota da wanda ke gangarowa daga unguwar sama duk nan suke zuba, baƙi ƙirin. Ya ce kai kana kwasa wasu suna ba ta tuwo. Na ce to Baba yaya za a yi, ya ce su ma a can wata doguwar ciyawar ruwa, kachalla, ta gwada musu, tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ya daina ja da baya yadda ya saba da rani, sai ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki ta zama gidan tsuntsayen jan baki. Shi ya koya min cewa kachalla in za ka yanka a ƙarƙashin ruwa ake yanka ta don saiwar ta shaƙe, in ka ƙona sama kawai ka yi mata aski ne.

Abin da ya yi mana aiki daga baya ba wani abin burgewa ba ne. Mun ɗaura jarkoki a igiya muka gitta a bakin lungun don iska ta daina yawo da ita, aka haƙa wa kicin rami na daban, mutum biyu kullum da safe su zagaya da kwale-kwale su tsince ko guda ɗaya suka gani, a kai can bayan katanga ta bushe masu lambu su ɗiba su yi taki. Duk wanda ya zo da komar kamun kifi ko jirgi daga wani ruwa sai an wanke an duba. Na taɓa kawo wa oga maganar ƙwarin nan da aka saka a tafkin Victoria suka taimaka wajen karya ta a ƙarshen shekarun 1990, ya yi dariya ya ce shi kifi ya sa in kiwata ba ƙwari ba.

Kwatar unguwar sama dai har na bar aikin ba a gyara ba, mun je wajen mai unguwa sau biyu. Ruwan farko na sauka za ka ga ƴan ƙanana sun jeru a jikin igiyar jarkokin nan.