Fadar Warsaw da Agogon da Ya Tsaya

Da hantsi jirgin ƙasa ya sauke ni a Warsaw, bayan tafiyar kusan awa biyu da rabi daga Krakow. Sanyi na ratsa ƙashi, amma na ƙi shiga mota, na taka har dandalin tsohon gari. Tun daga nesa na hango mutum-mutumin Sarki Sigismund na Uku a kan dogon ginshiƙi, wanda ya ƙauro da zaman sarauta daga Krakow zuwa nan. A gefensa ga jar fadar sarakunan Poland, da hasumiyarta mai agogo.

Duk wanda ya gan ta zai rantse ta shekara ɗari huɗu a tsaye. Ina! Ranar 17 ga Satumba, 1939, a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, bama-baman Jamus suka cinna mata wuta, agogon ya tsaya cak da ƙarfe 11:15. A 1944, shekarar da mutanen birnin suka yi wa mamayar Jamus bore, sojojin Jamus suka dasa mata nakiya, ta koma tarin ƙasa.

Abin da ya faru tsakanin waɗannan shekaru ne ya kama min zuciya. Ma'aikatan gidan tarihi, ƙarƙashin Stanisław Lorentz, sun sai da rai suna shiga ginin, suna ciro ƙofofi da zane-zane da guntayen adon bango suna ɓoyewa. Da aka tashi sake gini, sai aka mayar da kowanne gurbinsa. Wata dattijuwa mai gadin ɗaki ta ga na ƙura wa jikin wata ƙofa ido, ta matso ta nuna min da yatsa: nan ruwan zinari na ƙyalli, nan kuma ya dushe ya yi duhu. Mai duhun shi ne na asali. Na daɗe a wurin, idona ya ciko.

Na leƙa zauren da aka amince da kundin tsarin mulkin 3 ga Mayu, 1791, na wuce. Inda na zauna sosai shi ne ɗakin zane-zanen Bernardo Bellotto, ɗan Italiya da ya zana titunan Warsaw a zamanin sarki na ƙarshe, Stanisław August. Ya fitar da kowace taga da kowane rufi dalla-dalla, har magina suka riƙa duba zanensa wajen tayar da tsohon gari da yaƙin ya rusa.

Ita fadar sai a 1971 hukuma ta ba da izinin gina ta, kuma karo-karon jama'a ne ya yi aikin, na gida da na ƙetare. A ganina wannan ya fi zinarin ciki daraja. An buɗe ta ga baƙi a 1984, amma tun a watan Yulin 1974 aka tayar da agogon, daidai ƙarfe 11:15 inda ya tsaya.

Washegari na sake komawa dandalin kafin lokacin. Na tsaya hannuwana cikin aljihu, kaina a ɗage, har dogon hannun agogon ya kai wurin ya zarce.