Garin da ya ɓace daga jadawalina

Na kammala digiri na biyu a fannin tarihi a yankin Wales na Birtaniya, kuma kafin in tattara komatsaina na ga ya dace in rubuta kuskuren da ya kusa jawo mini asarar shekara guda. Kundina a kan rundunar 'yan sandan gundumar Glamorgan ne, wadda aka kafa a 1841, aka kuma haɗe ta da rundunonin garuruwan Cardiff da Swansea da Merthyr Tydfil a 1969.

Hunturu guda cur na yi a ma'ajiyar takardun tarihi da ke Cardiff ina kwafe alƙaluman laifukan gundumar da fensir, domin ba a shiga ɗakin karatun da biro. Da na jera su a jadawali sai na ga sun yi ƙasa bayan 1908, nan take na gina babi sukutum a kan cewa tsaurin shugaban rundunar, Lionel Lindsay, shi ne ya ladabtar da garuruwan masu haƙar kwal. Ashe a shekarar ce Merthyr Tydfil ta kafa tata rundunar, ta fice daga lissafin gundumar da mutanenta da laifukanta. Ba laifi ne ya ragu ba, yankin da ake ƙirgawa ne ya tsuke.

Malamin da ke duba aikina ya karanta babin har sau biyu, bai gyara komai ba sai waƙafi da aya. Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje ya ɗora yatsa a kan jadawalin ya tambaye ni inda Merthyr take, na rasa ta cewa, shi kuwa malamin nawa ya gyara zama ya ce ai ya ɗauka na san wannan tun farko. Kuskuren nawa ne, ban musa ba, amma wanda aka ɗora wa duba aikin ɗalibi ya kamata ya karanta shi da idon basira kafin ranar, ba ya wanke hannunsa a gaban baƙo ba.

Wata uku aka ba ni na gyara. A cikinsu na koyi fara duba taswirar iyaka kafin alƙaluma, na kuma daina ɗaukar rahoton 'yan sanda a kan rikicin garin Tonypandy na Nuwamban 1910, tsakanin 'yan sanda da mahaƙan kwal masu yajin aiki, a matsayin dukan labari, tunda iyalan mahaƙan suna da nasu. Babin da na sake rubutawa ni kaɗai, ba tare da na nuna wa malamin ba, shi ne mai jarrabawar ya yaba.