Manhajar gyara ta ƙi buɗewa: daga Asabar zuwa Laraba

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon gyaran kwamfuta. Wata bakwai ke nan da na fara wannan koyo, kuma duk matsalar da ta kwana da ni nakan rubuta ta a littafin aikina. Ta wannan makon ta ci min kwana huɗu, shi ya sa na ga ya kamata ku ma ku gani.

Asabar

Akwai wata ƙaramar manhaja da nake aiki da ita kusan kullum. Da ita nake duba lafiyar faifan ajiya, in ga zafin furosesa, in share tarkacen fayiloli, in kashe abubuwan da ke tashi tare da Windows suna sa kwamfuta nauyi. Tana kan laftof ɗina, tokumbo ce mai Windows 10 da ram giga 8. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ana zare caja sai ta ɗauke nan take. Ku riƙe maganar batirin nan, za mu dawo kanta.

Daren Juma'a bayan isha'i ina ɗakina a Tudun Wadan Zariya, na gama duba faifan wani maƙwabcinmu, na kai hannu na danna rufe manhajar ke nan aka ɗauke wuta. Ban kawo komai a raina ba, na kwanta. Da safe wuta ta dawo, na kunna, komai ya tashi lafiya lau. Na danna manhajar sau biyu, ɗan zoben nan shuɗi ya juya kamar daƙiƙa uku, shiru. Babu saƙo, babu ƙara, babu komai. Na buɗe Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki, na sake dannawa ina kallo: sunanta ya fito a jeri, kafin in kai linzami kansa ya ɓace.

Na kashe na kunna. Na buɗe ta da izinin admin. Na sa ta yi aiki a yanayin Windows 7. Na tsayar da antibairos na minti biyar na gwada. Na cire ta gaba ɗaya na sake ɗora ta, har sau biyu. Duk ɗaya.

Lahadi

Ranar lalube a duhu. Na buga sfc /scannow, umarnin da ke duba fayilolin Windows, ya gama ya ce bai sami wata ɓaraka a fayilolin Windows ba. Na sauke Visual C++, tarin fayilolin Microsoft da manhajoji da yawa ke dogaro da su, na ɗora, don na sha jin cewa rashinsa na hana manhajoji tashi. Datar intanet ta tafi, matsala na nan daram.

Wani abokina ya ce in yi wa kwamfutar fomat in huta, in ma ɗora Windows 11 tunda Microsoft ta daina sabunta Windows 10 kyauta tun 14 ga Oktoba 2025. Wannan laftof ba ta da TPM 2.0, na'urar tsaron da Windows 11 ke nema, amma ko da tana da shi ba zan yi ba. Fomat zai iya kawar da matsalar, sai dai zai tafi da dalilinta, in tashi ban koyi komai ba. A ce gobe ɗalibar jami'a ta kawo min kwamfuta daga Samaru, furojet ɗinta na shekarar ƙarshe na ciki, manhaja ɗaya ce kawai ta ƙi buɗewa. In ce mata me? A goge komai? Ina ganin yawan saurin fomat shi ne babban ciwon masu koyo irinmu, kuma yana jawo wa masu kaya asarar da ba ta zama dole ba.

Litinin

Na ɗauki laftof na hau keke napep zuwa PZ, shagon ogan da nake zama wurinsa wasu ranakun. Na same shi ya duƙufa kan allon wata kwamfuta yana like bakin caja, gilashi ya sauko kan hanci, hayaƙin dalma na tashi siriri a gaban fitila. Sai da ya ajiye ƙarfen a mazauninsa ya goge hannu sannan ya saurare ni. Na zayyana masa duk abin da na yi.

"To, ita me ta ce maka?"

"Oga, ai ba ta ce komai ba. Ɗaukewa kawai take yi."

"Ba ta ce ba, ko kai ne ba ka je inda take faɗa ba? Zauna nan, ƙanena."

Ya sa na danna maɓallin Windows da R, na rubuta eventvwr.msc. Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da ke faruwa a kwamfuta, ya buɗe. Na san da shi, amma ban taɓa daɗewa a ciki ba, yawan rubutun tsoro yake ba ni. Ya ce in shiga Windows Logs, in zaɓi Application. Dabarar da ya nuna min mai sauƙi ce: ka duba agogon kwamfutar, ka danna manhajar ta mutu, ka dawo ka danna F5, ka karanta abin da ya shigo a wannan mintin kaɗai. Sauran dubban layukan ba ruwanka da su.

Jajayen layi biyu suka fito a sama, daƙiƙa ɗaya tsakaninsu. Ɗaya mai lamba 1000 daga Application Error, ɗayan mai lamba 1026 daga .NET Runtime.

Na fara buɗe na 1000. Ga sunan manhajar, ga sunan fayil ɗin da aka ce a cikinsa ta faɗi, KERNELBASE.dll, ga kuma lambar kuskure 0xe0434352. Na yi murna, na ce, "Oga, mun kama shi, sai in nemo wani KERNELBASE in sauya." Ya girgiza kai da ƙarfi, ya ce kada in kuskura. Wannan fayil na Windows ne kansa, kuma ta cikinsa manhajoji ke bi su sanar cewa sun ci karo da kuskure. Sanƙira ne, shi ke shela, shi ya sa sunansa ke fitowa a rahoto ana shafa masa kashin kaji. Wanda ya taɓa shi zai iya wayar gari kwamfutar ma ba ta tashi.

Lambar ita ce mai magana. 0xe0434352 na nufin manhajar an gina ta ne kan .NET, wani tsarin Microsoft na gina manhajoji, ta haɗu da wani kuskure da ba a tanadar mata yadda za ta yi da shi ba, sai ta mutu. Bayanin kuskuren kuma yana cikin ɗayan layin, na 1026. Can na ga doguwar jerin rubutu, ban gane yawancinsa ba, amma a ciki akwai ConfigurationErrorsException da XmlException, kuma kalmar Settings ta maimaitu a layuka da yawa. Wato tana ƙoƙarin karanta fayil ɗin saitinta ne, wanda aka rubuta da tsarin XML, ta tarar ba ya karantuwa.

Nan wani mai firinta ya shigo. Oga ya miƙe, ya bar ni da tambaya: "Ka cire ta sau biyu ka mayar, ba ta warke ba. Je ka gida ka gano min me ka bari a baya."

Talata

Da asuba bayan salla na zauna. Na buɗe sabon asusun mai amfani a Windows, na shiga ta cikinsa, na danna manhajar. Ta buɗe tas! Kwamfuta ɗaya, manhaja ɗaya, amma a wannan asusun tana aiki. Ashe ba a cikin manhajar gizo ke saƙar ba, ba kuma a Windows ba. Abin yana cikin kayan asusuna na asali. Wannan gwaji bai ɗauki minti goma ba, bai ci data ko kaɗan ba, kuma da na yi shi ranar Asabar da na huta da wahalar kwana biyu.

Na koma asusuna, na danna Windows da R na rubuta %localappdata%. Wannan ita ce hanya mafi sauri zuwa foldar AppData, inda manhajoji ke ajiye saitin kowane asusu, domin a ɓoye take. Na sami folda mai sunan masu manhajar, a cikinta wata mai sunan manhajar da dogon jerin haruffa, a cikinta wata mai lambar sigar, a ƙarshe ɗan fayil guda, user.config. Lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe: daren Juma'a, daidai mintin da wuta ta tafi. Girmansa ya nuna kilobait uku, amma da na buɗe shi da Notepad, fili ne fetal, ko harafi ɗaya babu.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan manhaja ta ce a rubuta fayil, Windows ba ya kai shi kan faifai nan take. Yakan riƙe shi a ram na ɗan lokaci don aiki ya yi sauri. Tsarin NTFS da Windows ke jera fayiloli da shi a faifai kuma yana da kundin da yake kare bayanan fayil da shi, irin su suna da girma da inda yake, amma wannan kundi bai shafi abin da ke cikin fayil ɗin ba. Idan wuta ta yanke a wannan ɗan tsakanin, sai a sami fayil mai suna da girma, cikinsa kuwa sifiri zalla. Manhajar na adana saitinta ne a lokacin rufewa, ni kuma ba ni da batirin da zai riƙe kwamfutar ko da daƙiƙa biyar. Amsar tambayar Oga ma tana nan: cire manhaja yakan goge abin da ke Program Files, foldar da ake ɗora manhajoji a ciki, amma galibi ba ya taɓa AppData. Duk sanda na sake ɗora ta, sai ta koma ta karanta wannan mataccen fayil ɗin.

Ban goge shi ba, suna na sauya masa zuwa user.config.tsoho, don in kuskure na yi in iya mayarwa. Na danna manhajar. Ta buɗe, ta ƙirƙiri sabon fayil da kanta, sai dai saitina ya koma kamar ranar farko. Alhamdulillahi. Na kira Oga na faɗa masa, ya ce madalla, amma in duba faifan kafin in yarda an gama. Na yi chkdsk, umarnin duba faifai, na duba bayanan SMART da faifan ke bayarwa kan lafiyarsa, duk lafiya.

Laraba

Wata ƙanwarmu da ke koyo a Samaru ta kira ni. "Yaya, tawa ma ta ƙi buɗewa, in je in sauya sunan fayil ɗin nan?" Na ce ta dakata, ta fara gaya min me ta gani. Ita nata akwati ne ke fitowa da lamba 0xc000007b. Da farko wai an ce mata MSVCP140.dll, ɗaya daga fayilolin Visual C++, babu shi, sai ta sauko shi shi kaɗai daga intanet ta jefa a foldar manhajar.

Wannan lamba yawanci tana fitowa ne idan manhaja mai bit 32 ta ɗauko fayil mai bit 64, ko akasin haka. Tata mai 32 ce, fayil ɗin da ta sauko mai 64. Akwai kuma abin da ke rikita masu koyo a nan: a Windows mai bit 64, foldar System32 ita ke ɗauke da fayiloli masu 64, SysWOW64 kuma masu 32. Ta goge wanda ta jefa, ta sauke Visual C++ na 2015 zuwa 2022 daga Microsoft, wanda aka rubuta wa x86, wato mai bit 32, ta ɗora. Manhajar ta buɗe. Maganin da bai yi min komai ba ranar Lahadi shi ya warkar da tata. Ina roƙonku, ku daina sauko fayilolin DLL ɗai-ɗai daga inda ba ku sani ba, don ban da rikicin bit, ta nan bairos ke shiga.

Yanzu na kwafi user.config mai lafiya na ajiye a filashi, na kuma ba da sautun batiri a Sabon Gari. Kafin ya zo, ba na rufe komai mai muhimmanci sai na tabbatar wuta ta zauna. Lambar da ban taɓa bi da hannuna ba ita ce 0xc0000005, wadda ke fitowa idan manhaja ta taɓa wani ɓangare na ram da ba a ba ta izini ba. Duk wanda ke da kwamfutar da ke nuna ta, ya zo da ita shagon ranar Asabar bayan azahar, zan taho da filashi mai MemTest86, manhajar gwada ram, mu duba tare.