Saƙon godiya ga mutanen Samosir da duk waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, na dawo Medan, birnin da nake karatu a tsibirin Sumatara na ƙasar Indunusiya, ranar Talata da daddare, hannuna na hagu a ɗaure yana rataye a wuya, amma da ƙafafuna na shiga ɗakina. Tun da labarin faɗuwata a kan babur ya isa gida wayata ba ta huta ba, kuma da yake da hannu guda nake rubutu, ba zan iya bin kowa in amsa masa shi kaɗai ba. Saboda haka na ga ya fi dacewa in rubuta wannan saƙo a fili, domin waɗanda suka yi jaje su samu natsuwa, waɗanda kuma suka ɗauki nauyina a can bakin tafkin Toba a san alherin da suka yi, ko da yake yawancinsu ba sa jin Hausa, sai abokina ya fassara musu.

Abin da ya kai ni can shi ne bikin auren ƙanwar abokin karatuna, ɗan ƙabilar Batak ta Toba, wanda garinsu yake a tsibirin Samosir da ke tsakiyar tafkin Toba. Mun tashi daga Medan a mota, muka bi ta Pematangsiantar, muka isa Parapat bayan kimanin awa 4, daga nan muka shiga jirgin ruwa zuwa Tomok. Ni da babban ruwan da na sani a rayuwata shi ne madatsar Tiga, sai ga ni a kan tafki mai tsawon kusan kilomita 100, faɗinsa kusan 30, zurfinsa kuma ya haura mita 500 a wani wurin. Masana sun ce wannan ƙwarya tasa bakin wani dutse ne mai aman wuta da ya fashe shekaru kimanin 74,000 da suka wuce, fashewar da har a Indiya an samu tokarta, sannan daga baya ƙasan ramin ta kumburo ta zama Samosir ɗin da muke nufa. Abokina ya lura da yadda na ƙanƙame rigar ceto, bai yi mini dariya ba, domin su ma ba su manta da nutsewar jirgin Sinar Bangun a watan Yuni na 2018 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 160 a wannan ruwa.

Godiyata ta farko ga mahaifiyar abokina ce, wadda na bi 'ya'yanta nake kira Inang. Yawancin Batak na Toba Kiristoci ne tun zamanin wani mai bishara Bajamushe, Nommensen, da ya iso Sumatara a 1862, kuma naman alade yana da babban matsayi a abincin bukukuwansu, don haka ba zan ɓoye ba, na tafi da fargaba da kuma gwangwanayen kifi a jakata. Ko ɗaya ban buɗe ba. Ashe a al'adarsu akwai suna na musamman ga baƙon da ba ya cin alade, wato parsubang, kuma a kan keɓe masa abincinsa. Inang ba ta tsaya nan ba: ta sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi, ta nuna mini su da takardar kanti a manne kafin ta ɗora, ta dafa mini kifin da suke kira arsik, wanda ake turarawa da kurkum da wani ɗan yaji mai suna andaliman da ke sa harshe ya yi kamar an tsikare shi da allura. Ta kuma sa aka share mini wani lungu a ɗaki, ta tambayi ɗanta inda alƙibla take, kuma duk asuba sai in tarar da ruwan ɗumi a bokiti a bakin ƙofa, domin tafkin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 900, sanyinsa na safe irin na Jos ne. Inang, Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a.

Ina kuma gode wa kakan gidan, Ompung, wanda ya zaunar da ni a ƙarƙashin tsohon gidansu na katako mai rufi kamar ƙahon ɓauna, ya yi haƙuri da guntun yaren Indunusiyata, ya warware mini abin da nake ta kallo a bikin ban gane ba. Kowane Batak yana ɗauke da sunan zuri'ar ubansa, wato marga, kuma ba a aure tsakanin masu marga ɗaya, ko da ba su taɓa sanin juna ba. Wadda aka fi so saurayi ya aura ita ce 'yar kawunsa na wajen uwa, abin da ya tuna mini da wasan taubasai a gida. Dukan zamansu kuma a kan abin da suke kira Dalihan Na Tolu yake, ma'ana duwatsun murhu uku. Dutse na farko su ne dangin da suka ba ka mata, waɗanda ake girmamawa matuƙa. Na biyu 'yan'uwanka na marga ɗaya, waɗanda ake bi a hankali. Na uku waɗanda suka auri 'ya'yanku mata, su ne masu hidimar biki, kuma wajibi ne a lallashe su. Abin da ya fi burge ni shi ne matsayin yana juyawa, domin da idona na ga wani babban ma'aikaci da ya zo daga Jakarta a mota mai tsada ya ɗaura zane a ƙugu yana rabon shinkafa, saboda a wannan biki nan ne gurbinsa, gobe kuma a wani bikin shi za a durƙusa wa. Da na ce masa mu ma da duwatsu uku uwayenmu suke girki, sai Ompung ya yi dariya ya ce to ai na san idan tukunya ta karkace a kan sa ɗan ƙaramin dutse a tokare ta. Wannan na huɗun suna ce masa sihal-sihal, shi ne abokai da maƙwabta, kuma a cewarsa gurbina ke nan.

Na ɗauka maganar fatar baki ce irin ta karrama baƙo, sai da abin ya faru. Kwana biyu bayan biki, mun riga mun ga kabarin Sarki Sidabutar a Tomok da kujerun dutse na Huta Siallagan a Ambarita inda a da ake yanke hukunci, sai na nace in karɓi hayar babur in je maɓuɓɓugar ruwan zafi ta kusa da Pangururan, a gindin dutsen Pusuk Buhit da Batak suke cewa daga can kakansu na farko ya fito. Abokina ya ce in bari hadari ya wuce, na ƙi ji, don haka laifin nawa ne ni kaɗai. A hanyar dawowa ruwa ya sauko, na shiga wata kwana da ɗan gudu, wata ɓaunar noma ta ratso titi, na danne birkin gaba, ban sake sanin komai ba sai ji na na yi a cikin kwata.

Waɗanda suka fara isowa kaina wasu mata biyu ne da suke dawowa daga gonar shinkafa, ban san sunayensu ba, ban kuma tabbata zan gane fuskokinsu ba. Ɗaya ta cire mayafinta ta ɗaure mini hannu a ƙirji, ɗayar ta tsaya a tsakiyar titi cikin ruwan sama har ta tsayar da wata motar ɗaukar albasa. Direban ya sauke buhuna biyu a bakin hanya don ya yi mini wuri, ya kai ni asibiti, kuma da na miƙa masa kuɗi sai ya ture hannuna kamar na zage shi. Ina gode musu su uku, ina gode wa ma'aikaciyar jinya da ta wanke mini ciwon gwiwa tana ba ni haƙuri, da likitan da ya duba hoton ya ce tsagewar ƙashi ce a wuyan hannu, ba sai an yi aiki ba. Mai baburin ma da ya zo, lafiyata ya fara tambaya kafin ya dubi fitilarsa da ta fashe.

Kafin awa guda asibitin ya cika da mutanen gidan abokina, har da surukan da suka gama wahalar biki ba su ko huta ba. Mahaifinsa, Amang, ya biya kuɗin magani kafin in farfaɗo sosai, kuma har yau ya ƙi gaya mini nawa ne. Kawun abokina, wanda kowa ke kira Tulang, ya kwana a kan benci a kusa da gadona, da asuba kuma shi ya riƙe mini buta na yi alwala da hannu ɗaya, ya juya baya ya tsaya a bakin ƙofa har na idar da salla don kada a shigo a dame ni. Wannan mutum dattijo ne a cocinsu. Na yi ta tunanin abin da zan ce masa da ya kai girman abin da ya yi, ban samu ba, sai kalmarsu ta godiya da na koya, mauliate.

A daren da zan taho aka tara dangi, Amang da Inang suka tsaya a gabana, suka yafa mini ulos a kafaɗa, wato saƙin hannunsu mai ja da baƙi da fari wanda babba yake yafa wa ƙarami tare da addu'a. Ompung ya ce kakanninsu sun ƙidaya abubuwa uku masu ba ɗan'adam ɗumi, rana da wuta da ulos, amma rana tana faɗuwa, wuta tana mutuwa, shi kuwa mayafi yana kwana da kai. Aka ce Horas, kalmarsu ta gaisuwa da fatan alheri, sau uku, ni kuwa hawaye ya hana ni amsawa.

A gida, ina neman gafarar Hajiya da Baba bisa tashin hankalin da na jawo musu, ina kuma gode wa Yaya da ya ɓoye labarin har sai da ya ji muryata. Na gode wa 'yan'uwa ɗalibai 'yan Najeriya da suka tarye ni a Medan suka raba kwanakin girki a tsakaninsu, da malamina da ya ɗaga mini ranar miƙa babi na uku. Likita ya ce a koma bayan mako 6 a kwance ɗaurin. Ulos ɗin yana nan na ninke shi a cikin akwati, Hajiya zan kai wa idan Allah Ya kai mu hutu, kuma na riga na gaya wa Tulang cewa akwai babbar riga da hula da za su zo masa daga Kano, ko ya so ko ya ƙi.