Yau na jera wa Hajiya memori

Asabar, da daddare.

Yinin yau gaba ɗaya a kan 'yar MP3 ɗin Hajiya ya ƙare. Yaya ne ya aiko mata da ita, irin ƙananan nan da ake maƙalawa a riga, ba ta fi kwalin ashana ba, sikirin ɗinta ma layi biyu kawai yake nunawa. Dama ta gaji da sauraron karatu a waya, tana tsaka da ji kira zai shigo, ko jikoki su ɗauke wayar su tafi buga gem, ga caji ba ya kai yamma in babu wuta.

Da safe ta miƙo min tsohon memorinta mai 8GB tace, "Auta, zuba min na cikin nan, amma ka gyara min shi dan ni ban san inda komai yake ba." Da na sa a laftof na ga dalili. Shekara da shekaru ana tura mata abubuwa, wasu daga wajen masu turi na kasuwa, wasu ta Xender, wasu daga WhatsApp masu suna irin AUD da lambobi birjik, duk an zube su waje ɗaya, wa'azi kusa da waƙar biki, Suratul Mulki kwafi kwafi da murya daban daban. Dole sai da na zauna ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina saurara kafin in san mene ne a ciki, wannan kaɗai ya kai ni azahar.

Abin da naso yi da farko shi ne jeri na M3U. Ba wani abu bane mai wahala, fayil ne na rubutu kawai, ka buɗe Notepad ka rubuta inda kowane sauti yake, layi layi, yadda kake so su biyo juna. Daɗinsa shi ne sura ɗaya zata iya shiga jeri goma ba tare da ka kwafe ta sau goma ba. To ita wannan 'yar na'urar bata san M3U ba sam, ko nuna shi bata yi, folda kawai take ganewa. Na tuna iPod ɗin wani abokina lokacin muna makaranta, a iTunes yake haɗa jerinsa ya jona waya komai ya shige yadda ya tsara, har a kan na'urar ma yana iya haɗa jeri yana tafe. Apple sun fito da ita a 2001, sun daina yinta a 2022, yanzu mu irin waɗannan marasa suna ne suka rage mana a kasuwa, kuma wallahi ga dattijuwa sun fi sauƙi.

Sai na mayar da folda ta zama jeri. Anan ne na tsaya nayi tunani sosai, saboda idon Hajiya baya ganin wannan ƙaramin rubutun, da yatsa zata riƙa ƙirga dannawa. Kenan foldojin kar su yi yawa, kuma su bi yadda yininta yake tafiya. Na je na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa nace Hajiya me kike fara ji in kin idar da asuba? Tace azkar, sannan karatu daga inda ta tsaya jiya. Da dare Sajada da Mulki, ranar Juma'a Kahfi. Tafsiri kuma sai da hantsi in gida yayi shiru. Haka na bi: 01 azkar, 02 Alƙur'ani cikakke, 03 tafsiri, 04 na dare, 05 na Juma'a, 06 kuma tsofaffin waƙoƙin kalangu da na bege da take so tun muna yara. Su Mulki da Kahfi sai da na kwafe su sau biyu, amma wuri ba matsala bane, MP3 mai 128kbps minti ɗaya kusan 1MB yake ci, 8GB zai ɗauki sama da awa 120.

Surorin na sa musu lamba mai gida uku, 001 har 114. In ka rubuta 1, 2, 3 kawai, na'urar da take bin suna zata karanta 1 sai 10 sai 100, wato daga Fatiha ta tsallaka Yunus, daga nan Adiyati, Baƙara tana can baya tana jira. Ga mai bin karatu a jere wannan ba ƙaramin abu bane. Na kuma goge sunayen shafukan intanet da masu ɗorawa suke cusawa a cikin bayanan fayil da wata manhaja mai suna Mp3tag, dan su na'urar take nunawa a maimakon sunan surar.

Duk da haka da na gwada sai naji Nasi ta riga Falaƙi, Yasin ta faɗo a farko. Ashe ita bata bin suna ma, tana bin wanda aka fara zubawa a memorin ne, haka da yawa daga cikin ƙananan nan suke karanta katin memori mai tsarin ajiya na FAT32. Maganin shi ne na ajiye komai a laftof, nayi fomatin ɗin katin, na dawo ina zuba folda ɗaya in jira ta gama kafin ta gaba. Wannan karon komai ya zauna daidai.

Abu na ƙarshe da ya dame ni ƙarar sauti ne. Tafsirin da aka juyo daga kaset can ƙasa ƙasa yake, sabbin karatun kuma da ƙarfi, in ta ƙure murya dan taji na farko, na biyu na shigowa zai doki kunnenta, kuma iyafis ne a kunne. Wata manhaja mai suna MP3Gain ta daidaita min su duka a kan matakin ƙara na 89 ɗin da take zuwa da shi. Na kuma kashe abin nan mai cakuɗa jeri, na nuna mata madannin da ba zata taɓa ba.

Bayan magariba na zauna kusa da ita muka gwada. Nace ki danna sau uku, ta danna, Sajada ta fara. Ta koma farko da kanta ta ƙirga ta faɗa kan tafsiri, tace "Allah yi maka albarka Auta." Naji daɗin wannan har raina. Sai kuma tace akwai wasu saƙonnin murya da ƙanwarta ta turo mata daga Madina tana so su ma su shiga. Waɗannan wani nau'in fayil ne da ake kira opus, na'urar bata buɗe su, sai na juya su zuwa MP3 da VLC. Gobe in Allah ya kai mu zan yi, su zama folda ta 07, in kuma biya kasuwa in nemo mata 'yar sifika dan tace iyafis ɗin yana damun kunnenta in ta daɗe da shi.